Hanjin Kifi: Ina Ya Kamata Mu Zuba Shi?

Mu mutanen Tamale ba mu da babban kogi, amma ba a raba tukunyarmu da kifi. Daga Yapei a bakin Farin Volta, da Buipe, da madatsar Bontanga ta wajen Kumbungu ake kawo mana karfasa da tarwaɗa. Matasanmu kuma sukan ɗauki fatsa su tafi su a ranar hutu. Idan an dawo gida an gyara kifin, sai a bar hanji da ƙaya da ɓawo a roba, daga nan kuma a juye a kwata.

A da ungulu ke yi mana wannan shara kyauta. Dattawan Zango da na Aboabo sun san lokacin da take cika rufin mahauta. Yanzu sai a yi kwanaki ba a ga ko ɗaya ba, har ma a shekarar 2015 aka sanya irin ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Mai kwashewa ta tafi, mu kuwa ba mu sake hali ba. A zafin watan Maris wuni ɗaya ya isa hanjin ya ruɓe, ƙarni ya hana maƙwabta zaman ƙofar gida, ƙudaje su tashi daga kwata su sauka kan tuwon yara. Sau nawa aka yi cacar baki tsakanin matan gida biyu a kan wannan?

Masu mayar da hanjin cikin madatsa sun fi ba mu tsoro. Ruwan kogi yana tafiya, na madatsa a tsaye yake, kuma idan famfo ya ɗauke, shi ne mata ke ɗebowa a sha.

Abin mamaki, abin da muke zubarwa kuɗi ne. A tafasa hanji da kai da ƙaya, a shanya su bushe ƙayau, a daka a haɗa da dusa: kaji da zabi sun sami abinci mai gina jiki. Wanda ba ya kiwo ya haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya kusa da gindin mangwaro ko a lambu, ya zuba, ya barbaɗa toka, ya rufe, ya ɗora dutse saboda karnuka. Kafin damina ta kewayo ya zama taki. Mai zaman gidan haya da ba shi da fili, ya ƙulle shi a leda ya kai bola a ranar, kada ya kwana.