BAƘUWAR KAZA: YADDA AKE SAUKAR DA ITA A GIDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, a wannan fitowa za mu yi magana a kan kaza. Wataƙila wani ya ce, mene ne abin rubutu a kan kaza? To ai kun sani, a gidajenmu na Tambuwal da Kebbe kaza ita ce asusun inna. Da ita ake sayen littafi da takalmin makaranta, ita ake yanka wa baƙo, ita ake kamawa a kai kasuwa idan rashin lafiya ya faɗo dare ɗaya. Yara da yawa ma da kaza ɗaya suka fara mallakar wani abu nasu na kansu. Amma sau da yawa kaza ɗaya da aka shigo da ita ba bisa ƙa'ida ba ita ke share akurki duka cikin mako guda.

Kiwo halal ne, amma amana ce

Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, yana da ƙane ƙarami mai suna Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Manzon Allah (S.A.W.) bai hana shi ba, har yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan malamai suka fahimci cewa yaro yana iya ajiye tsuntsu muddin zai kula da shi. A wani hadisin kuma an ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Saboda haka duk abin da ka tsare, cinsa da shansa suna wuyanka.

Tun daga wurin saye

Ko a kasuwa kuka sayo, ko kaka ce ta ba ku kyauta daga Jabo, Dogon Daji, Sanyinna ko Kuchi, ku duba ta da kyau. Kaza mai lafiya idonta tar yake, hancinta ba majina, gashinta a kwance, ƙarƙashin wutsiyarta ba kashi a manne. Ku guji wadda ke gyangyaɗi da rana, ko ta saki fukafukai, ko tana numfashi baki buɗe da ƙara. Ku yi hattara da araha mai yawa, domin wasu mutane da zarar ciwo ya shiga kajinsu sai su kwashe sauran su nufi kasuwa. Wannan ha'inci ne, shari'a ta hana ɓoye aibin abin sayarwa.

Wajen ɗauko ta, a sa ta cikin kwando mai shan iska, da safe ko da la'asar sakaliya. Rataye kaji kai ƙasa a jikin babur cikin rana azabtarwa ce.

Kada a haɗa ta da na gida nan take

Wannan shi ne babban darasinmu. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gama su da masu lafiya, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Likitocin dabbobi ma abin da suke faɗa ke nan.

Cutar da ta fi kashe kajin gida ita ce wadda likitoci ke kira Niyukasal, sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta wajen 1926. Kun san ta ko ba ku san sunan ba: kaza ta yi zugum, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe, ta dinga juyi wuri ɗaya, gobe a tsinci biyar a mace. Ta fi yin ɓarna da hunturu. Mugun halinta shi ne takan ɓuya a jikin kaza daga kwana 2 har zuwa 15 kafin ta nuna. Wato kazar da kuka gani garau a kasuwa tana iya ɗauke da ita. Haka kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, yawo da kaji daga wuri zuwa wuri yana cikin abin da ke yaɗa ta.

Don haka ku yi wa baƙuwa masauki dabam na mako biyu cur, in da hali uku:

1. A kife ta da babban kwando ko a sa ta wani akurki, nesa da na gida, wurin da ke da inuwa.
2. Kaskon ruwanta da na abincinta nata ne ita kaɗai.
3. A fara ba na gida abinci, sannan a je wurinta, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.
4. Kullum a duba kashinta da yadda take cin abinci.
5. A buɗa gashinta a duba ƙuma da ƙwarƙwata. A zuba mata toka da rairayi a gefe ta yi birgima, a kuma share shimfiɗar akai-akai.

Wannan tsarewar tana da amfani na biyu. Kazar da aka saki ranar da ta zo ba ta san gida ba, sai ta bi kajin maƙwabta, daga nan sai cigiya da zarge-zarge. Iyayenmu sukan ɗaure ƙafar baƙuwar kaza na 'yan kwanaki don ta saba. In za a yi haka, a yi da tsumma mai laushi, kada a yi da zaren leda mai yanka ƙafa, kuma tsawonsa ya kai ta ga inuwa da ruwa.

Ci da sha

A ba ta tsaba irin ta gida, gero ko dawa ko masara, da dussa da aka ɗan jiƙa, da ganye kamar zogale. Gara ma abinci ce mai gina jiki, musamman ga 'yan tsaki. Hatsin da ya yi fumfuna kuwa guba ne, kada a ce ai kaza ce. Ruwa kada ya yanke. Kaza ba ta yin gumi, haki take yi ta rage zafi, kuma kun san bazarar ƙasarmu, zafi yakan haura digiri 40. In akwai ƙanana, a sa tsakuwa cikin kaskon don kada su nutse.

Ranar haɗawa

Idan kwanakin sun cika ba a ga wani ciwo ba, a matso da kwandonta tsakar gida kwana biyu ko uku su riƙa ganin juna. Sannan bayan magariba, lokacin da kowa ya kwanta, a sa ta cikin akurki. Da safe za ku ga ana tsattsagarta. Kada ku firgita, kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kuma sai kowace ta san matsayinta za a zauna lafiya. Ku watsa tsaba wuri biyu ko uku don ita ma ta samu. Amma in an fitar mata da jini, a ware ta sai ta warke, don kaji in sun ga jini ba sa bari. Zakara biyu manya a ƙaramin gida faɗa ne kullum, ɗaya ya isa kaji kamar goma.

Akurki ya kasance mai ƙofa da ake rufewa da dare saboda muzuru da tunku da maciji. Da rana kuma abokan gaba su ne shirwa da shaho, shi ya sa ake kife 'yan tsaki a makonninsu na farko. Kada a kwana da kaji ɗaki ɗaya da mutane.

Rigakafi ya fi magani

Niyukasal ba ta da magani idan ta kama. Kafso da barkono da ake zubawa a ruwa ba sa kashe ƙwayarta. Abin da ke tare ta rigakafi ne. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana yin irinsa, har da wanda ake ɗigawa a ido, ana maimaitawa bayan kamar wata huɗu. Kaji masu lafiya ake yi wa, kuma ya fi kyau a yi kafin hunturu ya shigo. Ku roƙi baba ya tuntuɓi ma'aikatan lafiyar dabbobi. Kwalba ɗaya tana isar kaji da yawa, don haka maƙwabta su haɗa kai a yi rana ɗaya, tun da kajin unguwa tare suke kiwo.

In kaza ta mutu, mushe ce, haramun ce a ci. A haƙa rami mai zurfi a binne ta ko a ƙone. Jefa ta bisa juji ko bayan katanga cutar da maƙwabci ne. In kuwa suna mutuwa da yawa lokaci ɗaya, yara kada su taɓa, a sanar da likitan dabbobi.

Kai yaro, ke yarinya, wanga aiki bai fi ƙarfinku ba. Kafin ku tafi makaranta ku zuba ruwa da tsaba, in kun taso ku sake dubawa, da magariba ku ƙirga su ku rufe akurki. Kaza takan ƙyanƙyashe bayan kwana 21 da fara kwanci, wanda ya yi haƙurin mako biyu na farko shi zai ga wannan rana. Kuma idan kun ji carar zakara, ku roƙi Allah falalarsa kamar yadda hadisi ya koyar.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu daga annoba, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.