A Duba Taurari Kafin a Sayi Firji

A cikin birnin Kano, daga Yakasai har Gwale, firji ya zama jarin mata a gidaje da yawa, da shi suke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Amma galibin maigida in ya tafi Sabon Gari saye, kuɗin kaya kaɗai yake tambaya, ba ya tambayar wutar da abin zai sha. Alhali kuwa firji sau biyu ake biyansa: ran saye, da kuma kowane wata wajen kamfanin lantarki.

Saboda haka ne gwamnatoci suka kafa dokar manna takarda a jikin kaya. A Amurka, tun 1980 ake manna wata rawayar takarda mai nuna kimanin kuɗin wutar da na'ura za ta ci a shekara. Ƙasashen Turai suna amfani da haruffa, daga A zuwa G. Gana ta zaɓi taurari, kuma a 2013 ta hana shigo da tsofaffin firji. A nan Nijeriya, hukumar kula da ingancin kaya, watau SON, ta fito da tata takardar a 2017, domin firji da na'urar sanyaya ɗaki. Taurari ne daga ɗaya zuwa biyar; yawansu shi ne ƙarancin shan wuta.

To, ga lissafi. A watan Afrilu na 2024 an kai kuɗin awo ɗaya na wuta Naira 225 ga masu rukunin A. A ce firji ɗaya yana shan awo 300 a shekara, wani kuwa 500. Bambancin awo 200 ke nan, watau Naira 45,000 kowace shekara. Cikin shekara biyar, rangwamen da aka samu ran saye ya daɗe da tafiya, har ya ci ribar ƙanƙarar uwargida. Gaskiyar masu iya magana, araha ba ta ado.

Sai dai takarda ba ta amfanin wanda bai iya karanta ta ba, tsohon firji na hannu kuwa yawanci ba shi da ita sam. Nan ne aikinmu yake. Muna roƙon malamai su sa irin wannan lissafi cikin darasin yara, akawuna kuma su fahimtar da maƙwabta. Kowa ya je kanti, lalle ya nemi takardar, ya ƙirga taurari tukuna, sa'an nan ya yi ciniki.