Likita a Birni, Majinyaci a Ƙauye

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya ɗakin shan magani na ƙauye, ya tarar da malamin asibiti shi kaɗai yana fama da mai zazzaɓi da mai naƙuda da wanda maciji ya sara, alhali likita mafi kusa yana can birni, tafiyar yini guda in damina ta yanke hanya, ba ya bukatar dogon sharhi a kan fa'idar tsarin karantar da ma'aikatan lafiya daga nesa.

A shekarar 2003 ne wani likitan hanta mai suna Sanjeev Arora, na Jami'ar New Mexico a ƙasar Amurka, da ya ga masu ciwon hanta nau'in C suna jiran watanni kafin layi ya zo kansu, wasu kuwa suna rasuwa ba su kai gare shi ba, ya kafa wani majalisi na mako-mako ta hanyar bidiyo, wanda aka sa wa suna ECHO. Kamar dai zauren malami ne, inda kowane almajiri ke zuwa da mas'alar da ta shige masa duhu: ma'aikacin karkara ya karanto halin majinyacinsa ba tare da ambaton suna ba, ƙwararru su yi masa tambayoyi su warware, sauran kuma su ƙaru da abin da suka saurara. A 2011 aka buga sakamakon bincike da ya nuna cewa adadin masu warkewa a hannun waɗannan ma'aikata bai gaza na asibitin jami'ar ba. Daga nan tsarin ya bazu har ya iso ƙasashenmu na Afirka.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, idan ka ga malamar asibiti ta ɗauki waya tana neman fatawar likita a kan ɗanka, kada ka yi mata mummunan zato ka ce ba ta san aikinta ba, ka saɓi yaro ka nufi mai sayar da magani a kasuwa. Wadda ta san iyakar iliminta, ta kuma san wanda za ta tambaya, ita ce ta cancanci ka amince mata.

Amma fa akwai haƙƙinka a ciki, kuma a nan ne na fi son jama'a su farga. Ciwon mutum sirrinsa ne, sirri kuwa amana ce a wuyan wanda aka buɗe wa shi, don haka bai halatta a ɗauki hoton gyambonka, ko fuskarka, balle tsiraicin iyalinka, a tura wa wani ba, sai an nemi izininka, an kuma gaya maka wanda zai gani. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, sa'ad da ta amince da irin wannan tuntuɓa tsakanin ma'aikata a ƙa'idojinta na 2019, sai da ta gindaya sharaɗin kiyaye sirri da lafiyar majinyaci. Hoton da ya faɗa zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane, ba mai iya dawo da shi.

Haka kuma waya ba ta ƙarin jini, ba ta yin tiyata. Mace mai ciki da ke zubar da jini ko jijjiga, ko wadda naƙuda ta yi wa tsawo har ta kwana ta yini, da yaron da numfashi ke sarƙe masa ko ya kasa kama nono, waɗannan, magana da likita a waya ba ta ɗauke wajabcin garzayawa da su babban asibiti. Iyakarta dai a san abin da za a yi musu kafin a hau hanya, a kuma sanar da can su shirya.

Sai kuma 'yan damfara, waɗanda ba a raba su da kowane sabon abu. Mutum ne zai bugo maka, ko ya bayyana a Facebook sanye da farar riga, ya ce shi likita ne, ka turo kuɗi ya aiko maka da magani. Tsarin da muke magana a kai yana gudana ne tsakanin ma'aikacin da ka sani a garinku da asibitin da hukuma ta sani, kuma kana da ikon ka tambayi sunan likitan da aka tuntuɓa, da asibitin da yake aiki, a rubuta maka su a katinka.