Nazarin Laifuka a Sakkwato: Aji Kaɗai Ba Ya Yaye Masani

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Masu koyar da nazarin laifuka a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, ko da a cikin sashen nazarin zamantakewa ne, ya kamata su kashe wannan kason kan laifukan da suka addabi mutanensu. Ɗalibin da ya haddace ra'ayoyin masanan Amurka, amma bai san hanyar da saniyar sata ke bi daga daji zuwa hannun dillali a kara ba, karatunsa da saura.

Ta'asar 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa da Goronyo, da ɓullar mayaƙan Lakurawa a Tangaza da Gudu, suna da saiwa cikin satar shanu, toshe burtali, sakacin tsaron iyaka da jinkirin shari'a. Ana iya nazarin farkon irin wannan ɓarna a Boɗinga da Shagari, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega: ɓarnar gona da hakimi ya sasanta, da wadda aka bari har ta kai ga zubar da jini, da ƙarar da manomi ya fasa kaiwa caji ofis don gudun ɗawainiya. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi. Ɗalibin da ya yi zango guda yana zama a kotu, yana rubuta sau nawa aka ɗage ƙara da dalilin ɗagewar, zai gane wannan adadin fiye da wanda ya gan shi a allo.

Yankin yana da gadonsa na ilimi. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙaninsa Abdullahi kuma a Boɗinga, kuma littafin Liya'ul Hukkami na Abdullahi ya tattauna aikin alƙali da haƙƙin talakawa a kan shugaba. Masu ganin littafin ya tsufa su lura cewa har yau kotunan shari'ar Musulunci da sarakuna ke raba yawancin rigingimun karkara, don haka a karanta shi tare da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015.

Za a ce aikin fili akwai haɗari da tsada. Haɗarin gaskiya ne, shi ya sa aikin zai tsaya a kotu, kasuwa da fadar hakimi, ƙarƙashin kulawar malami, tare da sakaya sunan duk wanda aka tattauna da shi. Tsadar kuwa ba ta kai asarar tsara matakan tsaro bisa jita-jita ba. Majalisun jami'o'in biyu su wajabta zangon aikin fili, su koyar da tambayar shaida da Hausa da Fulatanci, su kuma adana rahotannin ɗalibai inda gwamnati da 'yan sanda za su amfana da su.