Kemis nawa ne a Tudun Wada? Yadda ake tambayar taswira da wayar Android

Wanda yaronsa ya tashi da zazzaɓi cikin dare a Tudun Wadar Zariya ba ya buƙatar taswirar duniya, kemis mafi kusa yake nema. Irin wannan tambaya ce matashi mai koyon Python zai iya amsawa da layuka kaɗan, daga kan wayarsa, ba tare da ya mallaki kwamfuta ba.

Bayanan suna cikin OpenStreetMap, taswirar kyauta da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai ke zanawa. Ɗaya daga cikin ƙofofin da manhajoji ke bi su ɗebi bayananta ita ce Overpass API. Ana iya yi mata magana kai tsaye, amma sai mutum ya tsara saƙon da kansa, ya warware tulin rubutun XML ko JSON da za ta dawo da shi, ya kuma fassara lambobin kuskure. A nan laburare ke shigowa. Tamkar ɗan aike ne da ya san ofishin: a ba shi tambaya, ya dawo da amsa a jere.

Ɗaya daga cikinsu shi ne overpy. Bayan an sauke Pydroid 3 ko Termux, ana girka shi da `pip install overpy`, sannan a rubuta:

```
import overpy
api = overpy.Overpass()
r = api.query('node["amenity"="pharmacy"](around:2000,11.08,7.72);out;')
for n in r.nodes:
    print(n.tags.get("name"), n.lat, n.lon)
```

Ma'anarsa: kawo duk kemis da ke cikin mita 2,000 daga wannan wuri.

Akwai dalilin da ya sa aka sa lambobin wuri maimakon suna. Akwai Tudun Wada a Kaduna, akwai a Jos da Gusau, a jihar Kano ma har ƙaramar hukuma ce guda. Wanda ya tambaya da suna kawai zai iya samun kemis ɗin Jos a jerin na Zariya, kuma laburaren ba zai ce uffan ba, don a wurinsa amsar daidai take. Kuskuren da ba ya ihu ya fi wanda ke tsayar da manhaja haɗari.

Tarko na biyu ya yi kama da wannan. Ƙaramin shago ɗigo ne a taswira, ana kiransa node. Amma manyan wurare, irin harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, galibi da kewayensu ake zana su. Mai neman asibiti ko makaranta da node kaɗai zai rasa manyan. Sai ya sa `nwr` a wurin `node`, ya rufe da `out center;`, ya kuma duba `r.ways`.

Sabar Overpass kyauta ce, jama'a da yawa ke rububinta. Idan aka matsa mata da tambayoyi takan mayar da lamba 429, overpy kuma ya sanar da hakan da sunan OverpassTooManyRequests. Gara a ɗauko bayanan sau ɗaya a adana a waya, data ma ta huta. Wanda zai sa su a manhajarsa kuwa, lasisin ODbL ya wajabta masa ambaton masu gudunmawar OpenStreetMap.

Sai dai jerin zai iya fitowa gajere, har ya rasa kemis ɗin da kowa a layin ya sani. Ba laifin overpy ba ne, ba a taɓa saka shagon ba ne. Manhajoji irin su Every Door da Organic Maps suna ba mai asusun OpenStreetMap damar tsayawa a ƙofar shago ya shigar da sunansa da lokacin buɗewa da rufewa. Haramun ne a kwafo daga Google Maps, gara mutum ya gani da idonsa. Yawanci cikin 'yan mintuna sabon shagon ke bayyana idan aka sake tura tambayar.