Accrington Stanley: Kulob Ɗin Da Bashi Ya Kashe, Mutanen Gari Suka Tashe Shi

Duk mai sha'awar tamaula ya san Liverpool da Manchester United. Amma kimanin mil 20 arewa da birnin Manchester akwai wani ɗan gari mai suna Accrington, a lardin Lancashire na ƙasar Ingila, wanda mutanensa wajen dubu 35 ne. Gari ne na leburori, da masaƙun auduga da masana'antar jan bulo aka san shi. Kulob ɗin wannan gari, wato Accrington Stanley, bai taɓa hawa rukuni na ɗaya ba, amma labarinsa abin a tsaya a saurara ne.

Garin ba baƙo ba ne a harkar ƙwallo. Lokacin da aka kafa gasar Lig ta Ingila a 1888, wani kulob mai suna Accrington yana cikin goma sha biyun da aka fara da su. Bai daɗe ba, a 1893 ya fita. To, a lokacin akwai wata 'yar ƙungiyar samarin unguwa da aka kafa a 1891, ana ce mata Stanley Villa. Ita ce ta ɗauki sunan garin ta haɗa da nata, ta zama Accrington Stanley. A 1921 aka karɓe ta cikin Lig, a rukuni na uku na shiyyar arewa, tana wasanninta a filin Peel Park.

Zamanin da kulob ɗin ya fi tashe shi ne na koci Walter Galbraith, mutumin Sikotlan, wanda ya riƙa ɗebo 'yan wasa daga ƙasarsu. Daga 1955 zuwa 1958, shekara huɗu a jere, Stanley ba ta sauka ƙasa da ta uku ba, sau biyu ma ta zo ta biyu. Sai dai a dokar lokacin, wanda ya zo na ɗaya kaɗai ke hawa sama. Haka aka yi ta ganin Dala ba a shiga birni ba.

Daga nan ne shugabanni suka fara sayen abin da ya fi ƙarfin aljihunsu. A 1958 suka sayo wata tsohuwar rumfar 'yan kallo daga garin Aldershot, can kudancin ƙasar. Kuɗin kwance ta da ɗauko ta da sake kafa ta ya wuce yadda aka yi zato. Ana cikin haka wasa ya lalace, 'yan kallo suka ja baya, gama Burnley da Blackburn suna nan kusa, kowanne da babban kulob. A 1960 Stanley ta faɗo rukuni na huɗu.

Ran 2 ga Maris 1962 ta je Crewe aka lallasa ta da ci 4 da nema. Ashe wasanta na ƙarshe ke nan a Lig. Da aka buɗe littattafai sai aka tarar bashi ya kai wajen fam 60,000. Bob Lord, shugaban kulob ɗin Burnley, wanda aka kira don ya taimaka, ya ba da shawarar a janye. Aka rubuta wa hukumar gasa takarda. Daga baya masu son kulob suka yunƙuro da kuɗi, aka nemi a janye takardar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Hukuma ta amince da fitarsu ana tsakiyar kakar wasa, aka soke sakamakon wasanni 33 da suka buga, aka ba Oxford United gurbinsu. Kulob ɗin ya ɗan taɓa wasa a gasar lardi, a 1966 ya rushe ɗungum.

Amma mutanen gari ba su haƙura ba. A 1968 suka kira taro, suka kafa sabon kulob da tsohon suna. A 1970 suka fara wasa a wani sabon fili, Crown Ground, daga can ƙasa, a gasar lardi. 'Yan wasan ma'aikata ne, sai an tashi daga aiki a zo atisaye. Shekara da shekaru ba wanda ya san ana yi. Har a wajen 1989 aka yi wata tallar madara a talabijin, inda wasu yara biyu masoya Liverpool suka mai da sunan Accrington Stanley abin dariya, wai nan ne ƙarshen yaron da ya ƙi shan madara. Ƙasar duka ta dara, mutanen Accrington suka shanye.

Sauyi ya zo da Eric Whalley, wanda ya zama shugaba a 1995, da koci John Coleman da aka ɗauka a 1999. Kuɗin da aka samu daga cinikin ɗan wasa Brett Ormerod ya taimaka ƙwarai: an sayar wa Blackpool shi da sharaɗin samun kaso in an sake sayar da shi, aka kuwa sayar wa Southampton a 2001. Coleman ya ci kofin rukuninsu a 2000, ya sake ci a 2003, ya kuma ci a 2006. Da wannan na ƙarshe Stanley ta koma Lig bayan shekara 44. Abin mamaki, ɗaya daga cikin kulob biyun da suka faɗo a shekarar shi ne Oxford United, wanda ya gaji gurbinta a 1962.

Duk da haka tsohon ciwo bai rabu da ita ba. A 2009 hukumar haraji ta kai ta kotu kan bashin da ya haura fam 300,000. Wannan karo ba a jira sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada ba. Magoya baya suka shiga tara gudummawa, wani attajiri ɗan yankin, Ilyas Khan, ya tsaya da dukiyarsa, aka biya. A 2015 Andy Holt, mai masana'antar kayan roba, ya karɓi kulob ɗin, ya biya basussuka, ya gyara fili. A 2018 Stanley ta zama zakarar rukuni na huɗu, ta hau na uku, inda ta kara da manya irin su Sunderland a filin da ke ɗaukar mutum wajen 5,000. Ta yi shekara biyar a can kafin ta sauko a 2023.

Mai karatu zai lura cewa abokan karawa ba su kashe wannan kulob ba, bashi ne ya kashe shi. Waɗanda suka tashe shi kuwa talakawan gari ne da suka yarda su fara daga ƙasa, suka jure shekara 44. Duk wata ƙungiya da aka gina da karo-karon jama'a, ta wasa ce ko ta 'yan gari ɗaya da ke zaman baƙunta, tana da abin koyo a nan: a riƙa duba littafin kuɗi tun da sauran lokaci, kuma daidai ruwa daidai tsaki.