Gamboru: Wa Ake Tambaya Kafin a Yanke Shawara?

Shirinmu na musamman yau ya yada zango a Gamboru ta cikin birnin Maiduguri, ba Gamborun Ngala ta bakin iyakar Kamaru ba. Unguwar kasuwa ce, inda Barebari da Hausawa da Shuwa ke cuɗanya, daga 'yan gwari zuwa 'yan dako, kowa na neman halalinsa.

Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliyar da Maiduguri ba ta ga irinta ba tun 1994. Gamboru na cikin unguwannin da ruwan ya ci. Gyaran madatsa aikin manya ne, na Abuja da gidan gwamnati. Amma kwatar da ke bayan rumfarka, da bolar da ta toshe ta, da banɗakin kasuwa, da tashar mota, waɗannan kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora su a wuyan ƙaramar hukuma. Ke nan a Gamboru, haƙƙin ƙaramar hukumar birnin Maiduguri ne, mai mazaɓu 15, kowace da kansilanta.

To, a lokacin da ake rubuta kasafin kuɗin waɗannan ayyuka, wa ake tambaya?

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Dattijuwar da ta kwashe shekaru tana kasa tumatir a kasuwar nan ta san lungun da ruwa ke fara taruwa, ta san kwalbatin da ya yi wa damina kaɗan. Injiniya ya iya lissafi, amma bai kwana a unguwar ba. Kuma hanyar kai magana tana nan tun kaka da kakanni: daga bulama zuwa lawan, daga lawan zuwa hakimi, har fadar Shehun Borno. Abin da ke damuna shi ne, maganar talaka takan hau wannan tsani ne a matsayin kuka bayan ɓarna ta auku. Da wuya a neme ta a matsayin shawara kafin a zuba siminti.

An daɗe ana cewa laifin kantomomi ne. Gaskiya ne Borno ta yi shekara 13 ba zaɓen ƙananan hukumomi, sai a Nuwamban 2020 aka sake yi. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Madalla. Sai dai kuɗi su iso sakatariya daban, mutanen Gamboru su san nawa ne da inda za su tafi daban.

Wasu sun gwada tambayar jama'a kafin a tsara kasafi. A birnin Porto Alegre na Brazil, a 1989 mazauna unguwanni suka fara zama su zaɓi ayyukan da za a fara yi musu. Nan kusa, a jihar Kaduna, an ɓullo da tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunta bi da bi, a miƙa wa masu tsara kasafi. Mutanen Maiduguri kuwa ba sa buƙatar a koya musu haɗa kai. A 2013 matasan unguwanni ne suka tashi da gora suka tsare garinsu daga masu tayar da ƙayar baya, lokacin da tsoro ya hana kowa magana.

Don haka 'yan'uwana na Gamboru, shugabannin kasuwa, limamai, ƙungiyoyin mata da na matasa, ku gayyaci kansilanku zama a bainar jama'a kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafi. Ku fitar da ayyuka uku da suka fi matsa muku, a rubuce, bulama ya sa hannu, ku riƙe kwafi. Ku tambayi inda kuɗin haraji da na rumfuna ke zuwa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce.